Shekarar da Aka Ba Ni Ƙwarya Ba Ruwa

Ni mutumin Nguru ne, sana'ata sayar da banda, kuma da abu biyu aka san ni, tumbi da baki. Tumbin yakan riga ni shiga masallaci, ya gaisa da jama'a, ya kama mini sahu tun ina ƙofa ina cire takalmi. Bakin kuwa, matata ta ce da a ce da fetur yake aiki da tuni mun talauce. Ana zargina da ƙara wa magana gishiri. Ban musa ba, ɗan kasuwar kifi ya san abin da aka yi wa rowar gishiri shi ke saurin wari. Amma wannan labarin ɗan barbaɗawa kawai na yi masa, don wadda ta yi abin ba ta rage mini wurin ƙari ba.

'Yar kawuna ce, wato taubashiyata. Tun muna yara kowa a cikinmu ke cewa ɗayan bawansa ne, har yau kuma ba a yanke shari'ar ba. An kai ta aure wani ɗan ƙauye bayan Gashua, ta wajen Katuzu, garin manoman fadama da masunta. Can ta haifi 'ya'yanta, can mijinta ya rasu ya bar mata su da gonar shinkafa a bakin fadama. Mace ce 'yar firit, in iska ta taso nakan ce a ƙulla mata dutse a haɓar zani. Amma in ta kafa maka ido, ko kai alƙali ne sai ka fara tuno laifuffukanka.

A shekarar da nake ba ku labari, damina ta ɗauke amma ruwan kogi ya ƙi janyewa daga Nguru. Sai ma ya biyo mu har unguwa ya yi zaman dirshan. Wata safiya na sauko da ƙafa daga gado ina laluben takalmi, sai na taka tarwaɗa. Matata har gobe cewa take yi kwaɗo ne. Ni na taka, ni na san abin da na taka, gashin bakinta ma ya fi nawa tsawo. Muka kwashe 'yan komatsanmu muka koma gidan surukaina a kan tudu, inda mutum ba shi da ikon miƙe ƙafa balle ɗaga murya. Da zaman kunya ya ishe ni, na ce bari in je in ga baiwata, in ba ta labarin masifar da ta same ni, ta tausaya mini ta yanka mini kaza.

Na shiga mota zuwa Gashua, daga nan na nemi acaɓa. Mai acaɓan ya dube ni, ya dubi tayarsa ta baya, ya yi addu'a a ciki, muka kama hanya. Tun kafin mu isa na fara zaton mun yi ɓatan kai. Fadamar da na sani, wadda a irin wannan lokaci shinkafa ke kaɗawa a cikinta, masunta na kwance a kan gora suna shawagi, ita ce na gani ta tsattsage kamar diddigen manomi. Har tumfafiya ta fito a tsakiyarta. Jiya-jiya na baro ruwa a ƙarƙashin gadona, ga shi nan kuma ko na alwalar ƙadangare babu.

Ta tarye ni a ƙofar gida, ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa.

"Lale, lale. Yau bawa ya tuna da uwargijiyarsa."

"Ke dai je ki kawo wa ubangidanki ruwa, maƙogwarona ya bushe kamar rairayin hanyar Yusufari."

Kun san dai al'adarmu. Baƙo ba a tambayarsa abin da ya kawo shi, ba a ma tsawaita gaisuwa da shi, sai ya sha ruwa tukuna. Shi ma ba ya tashi ya bar ruwan gida bai taɓa ba, sai in gaba yake yi da masu gidan. Ta shiga ciki ta fito da ƙwarya wankakkiya, rufe da sabon faifai, ta durƙusa har ƙasa ta ajiye a gabana. Tunda uwata ta haife ni matar nan ba ta taɓa durƙusa mini ba. A nan ya kamata in sha jinin jikina, amma ƙishi ba ya barin mutum ya yi tunani. Na yi bisimilla da ƙarfi na ɗaga faifai.

Wayam. Ko danshi babu.

Na kece da dariya, don na ɗauka wasan taubasai ne. "Kin ci wannan. To je ki kawo na gaskiyan."

"Na gaskiyan ke nan, Mai tumbi. Sha ka ƙoshi. Wannan ne ruwan garinmu."

Na duba fuskarta ina jiran dariyar ta fito, ba ta fito ba. Ta zauna a gefen tabarma ta fara ba ni labari, ƙwaryar na tsakaninmu a buɗe.

A da, in kogi ya kawo, wata 'yar ƙorama ce ke ɓallewa daga jikinsa ta kai ruwa fadamarsu. Ruwan ya kwanta, shinkafa ta yi, kifi ya shigo. In ya janye a yi noman rani, rijiyoyin gari kuma su riƙe ruwa har wata damina. Sai aka gina manyan madatsun ruwa can yamma, a wuraren da ko sunan ƙauyen ba a taɓa ji ba, kogi ya daina zuwa a kan ƙa'idarsa, ya koma zuwa yadda masu makulli suka ga dama. Daga nan kacalla ta samu wurin zama. Mu mutanen Nguru ba sai an gabatar mana da ita ba: doguwar ciyawar ruwa ce da ta fi mutum tsawo, ka sare ta yau, kafin ka wanke laujenka ta ɗago kai tana yi maka sannu da aiki. Ita ce ta cushe bakin ƙoramar. Ɗan abin da ke samun silalowa kuma, wani Alhaji daga birni da ya sayi ƙatuwar gona tsakanin kogi da ƙauyen ya sa aka jera buhunan ƙasa aka tare shi, ya kafa injunan ban-ruwa. Fadama ta bushe, rijiyoyi suka bi ta. Mata suka koma tafiya wani gari da jarka a ka tun da sassafe.

"Mazanku fa? Barci suke yi?"

"Sun je. Bulama, mai garinmu, ya ɗebi dattawa suka sami Alhajin, ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ba su lemo mai sanyi, ya ce za a duba. Suka je ofis a gari, can ma aka ce za a duba. Har yau ana dubawa. Idon da ke duba mana ruwan nan, Allah ya ba shi lafiya."

Sannan ta faɗa mini abin da ke ci mata rai. Gidaje sun fara tashi. Ƙannen mijinta sun yanke magana cewa in kogi ya sauka bana ruwa bai shiga fadama ba, da an gama sussukar gero za su kwashi gidan gaba ɗaya su koma Gashua, a sayar da gonakin bakin fadama, har da nata. Mai saye kuma a shirye yake, shi ne dai mai buhunan.

"In koma Gashua in yi me? In zauna a ɗakin haya ina leƙen titi? Mijina a nan yake kwance. Gonar nan ita ce abin da zan nuna wa 'ya'yansa in ce ga na ubanku."

Da ta gama, ta tashi ta kawo mini moɗa ɗaya ta ruwa, ja kamar an wanke tukunya da shi, daga cikin wanda ta ɗauko a ka da safe. Na sha, kuma ban taɓa jin nauyin moɗa irin na ranar ba.

Ashe ba ni kaɗai aka yi wa ba. Ita ce ta tara matan garin suka yi shawara cewa duk baƙon da ya zo, ƙwarya rufaffiya za a fara kai masa. Da la'asar na kai ƙararta wajen Liman, wani tsoho mai sanyin magana, na ce, "Allah gafarta Malam, ka san ana hana baƙi ruwa a garinka?"

Ya yi murmushi ya ce ai shi ya fara tayar da maganar. Ya kira ta ya ce hana mai ƙishi ruwa ba ƙaramin abu ba ne a wajen Allah, kuma abin kunya ne ga gari. Ita kuma ta ce, "Malam, ba hanawa za mu yi ba, jinkirtawa za mu yi, gwargwadon ya ji labari. Yaro da mara lafiya da makiyayin da rana ta dafa, su nan take za a ba su. Amma mai wankakkiyar riga da ya zo a kan inji, ɗan jira ba zai kashe shi ba. Kunya kuwa, ai mun daɗe muna ɗaukarta mu kaɗai, mu ɓoye tulu mu yi wa baƙo murmushi. Gara a raba ta." Liman ya ce ya juya maganar ta kowane gefe bai ga inda zai kama ta ba, sai ya ce Allah ya sa a dace.

Mai tallan atamfa ya sha ƙwarya. Masu rigakafi sun sha. 'Yan kai lefe daga Dapchi sun sha, har uwar ango ta yi fushi, daga baya ta zauna ta yi kuka tare da su. Wani ɗan siyasa da ya zo gaisuwa ya ɗaga faifai ya leƙa, ya ma kifa ƙwaryar ya girgiza ko ruwan ya maƙale.

Washegari da zan tafi ta raka ni bakin hanya.

"Bawana, akwai aikin da zan sa ka."

"In dai ba ɗaukar jarka ba ne."

"Allah bai ba ka wuyan jarka ba, baki ya ba ka. Shekara da shekaru kana ɓarnatar da shi a kan tarwaɗa da kwaɗo. Je ka faɗa wa duniya abin da aka ba ka a gidan 'yar kawunka. Ka kuma ce muna kiran gayya ranar kasuwar da za ta zagayo ta sama, za mu sare kacalla daga bakin kogi. Ku da kuka iya yaƙi da ita, ku zo da laujenku."

Jama'a, ba a taɓa ba ni aikin da ya dace da ni kamar wannan ba. Na faɗa a tashar Gashua, na faɗa a cikin mota har direba ya wuce mahaɗa bai sani ba. Na faɗa a rumfar banda, a wajen mai shayi, a wajen suna, a wajen aski da aska a wuyana. Na bi kaya zuwa Dapchi na faɗa, na bi zuwa Yusufari, inda su da kansu suka san ƙishi, wani Bafulatani ya ce shi ko a rugar da ta fi kowace talauci bai taɓa jin an ba baƙo iska a ƙwarya ba. Gaskiya na ɗan ƙara. Na ce ƙwaryar ta bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki ya aurar da 'ya'yansa. Na ce kwaɗin garin sun manta iyo, sai an koya musu. Mutane su yi dariya, in sun gama kuma abin ya taɓa su, don kusan kowa a ƙasar nan yana da 'yar'uwa ko gwaggo da aka kai aure bakin wata fadama. Wani tsohon masunci a unguwarmu, wanda ruwa ya cinye wa gida kamar ni, ya ce, "Mu ruwa ya kore mu, su rashinsa zai kore su, kuma ciyawa ɗaya ce ta yi mana. Ka ce mata muna zuwa."

Ranar gayya akori-kura suka yi ta sauke mutane a bakin kogi. Masuntan Nguru suka zo da kwalekwale ɗaure a saman mota, mutanen Katuzu da ƙauyukan kewaye suka zo a ƙafa da lauje da adda, har da makaɗi mai ganga. Mata suka kafa tukwane, kowane gida ya kawo ɗan geron da ya samu. Aka yi addu'a aka faɗa ruwa.

Wanda bai taɓa saran kacalla ba bai san aiki ba. Kana tsaye cikin ruwa har ƙirji, taɓo na jan ƙafarka, sai ka nutsa hannu ka sare ta daga gindi, don in ka sare ta sama aski kawai ka yi mata. Ganyenta na yankan hannu, sauro na cin rabonsa, matsattsaku na cin nasu. Ni ma na shiga, kada ku ji an ce ban shiga ba. Da na shiga kogin ya ƙaru har aka ja kwalekwale baya. Matsattsaku suka gan ni suka yi kiran dangi, suka ce yau Sallah ta zo. Ban jima ba aka roƙe ni in fito in tsaya kusa da mai ganga in riƙa yi wa mutane kirari, wai a can na fi amfani.

Aka yini ana yi, aka kwana, aka sake shiga. Ana sara ana ja ana tarawa a gaɓa, ƙorama na buɗewa a hankali, ruwa na bin mutane a baya kamar akuyar da ta ga dusa. Har ya kai ga buhunan Alhaji, ya tsaya, ya fara taruwa a gefen gonarsa. Ma'aikatansa suka tayar da injuna suna ta murna.

Nan fa ran samari ya ɓaci. Hannaye duk jini, ga ruwa sun kawo da ƙarfinsu, ga shi yana shiga gonar wanda ya hana su. Suka ɗauki adda suka nufi buhunan. Ni ma, daga inda nake a kan tudu, na goyi bayansu da murya. Sai ga taubashiyata ta sha gabansu, da muciya a hannu, ta baro tuwo a wuta.

"Wanda ya taɓa buhu ɗaya ban yafe ba."

"Inna, aikin banza muka yi ke nan? Shi muka yi wa gayya?"

"In kun fasa yau, gobe a zo da mota a kwashe ku, jibi ya jera sababbi ya sa masu gadi. Sai mu koma kai muku abinci a ɗaure, da wane ruwan za mu dafa? Hannun da ya jera su shi zai ɗauke su."

Na matso na ce, "Ke baiwa, mutumin da ya shayar da Bulama lemo ya sallame shi, shi zai ɗauke buhu don kin riƙe muciya?"

"Na aika masa da goron gayya ta hannun Liman, ai maƙwabcinmu ne a gona. Ya karɓa, ya ce yana zuwa ya yi mana sannu. Kai kuma, Mai tumbi, in ya zo, ka taimake ni da abu ɗaya. Ka rufe bakin nan."

"Har yaushe?"

"Har sai na ce ka buɗe."

Da hantsi ya ɗaga sai ga farar mota. Alhaji ya fito cikin farar babbar riga, mutum mai fara'a, ba irin mugun da na zana a kasuwanni ba, don ni har ƙaho na kusa ba shi. Ya ga ruwa ya cika masa gefen gona, murna ta kama shi, ya yi ta sa albarka. Ya sa aka sauke katan-katan na lemo, ya fasa ɗaya da kansa ya kurɓa don a saki jiki. Bulama ya kai shi inuwar wata tsamiya, dab da buhunan, aka shimfiɗa masa tabarma. Mutane suka fito daga ruwa, taɓo har kunne, suka kewaye shi.

Sai ga ta tafe, ita kaɗai a gaba, matan gari na biye, ƙwarya rufe da faifai a hannunta.

Ina kallon fuskarsa. Labarin ƙwarya ya riga ya kai masa, ai ni na baza shi, kuma an ce har dariya ya yi da ya ji na ɗan siyasa. Bai dai taɓa kawowa shi ma baƙo ne a garin ba. Ta durƙusa ta ajiye.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ga ruwa."

Ya san abin da ke ciki, mu ma mun sani. Amma in ya ƙi ɗaga faifai a gaban mutanen Nguru da Gashua da Katuzu, ya nuna ya raina ruwan gari ke nan. Ya gyara zama ya ce, "Ai yau Litinin, ina ɗan..." Sai idonsa ya faɗa kan kwalbar lemon da ke hannunsa, an sha rabi. Ya ajiye ta a hankali. Ya yi bisimilla ya ɗaga faifai.

Ya daɗe yana kallon cikin ƙwaryar, sannan ya ce, "Baiwar Allah, na ji. Ku turo a ɗebo a gonata, ko da tanki ne. Daga yau ba wanda zai hana ku."

"Allah ya saka da alheri, Alhaji. Amma a ina aka taɓa ba baƙo ruwan gidansa? Ruwan baƙo daga rijiyar mai masauki yake fitowa. Tamu rijiyar kuwa, ruwanta ga shi can a bayan buhu. Ba ma gaggawa. Ka huta, in ya iso mu ba ka."

"Ni ma fa shinkafar nan ba ni kaɗai ke ci ba. 'Ya'yanku nawa ke aiki a gonar? In ta bushe su ma sun rasa."

"Gaskiya ne, ba mu ce ta bushe ba. Da ruwan kaɗan ne, ka tare, ba mu iya cewa komai ba. Yanzu ga shi mun ƙaro shi da hannunmu, dubi hannayen. Kai ma ɗan manoma ne, ka san wanda ya yi gayya ba a hana shi tuwon gayya."

Ta miƙe. Ta koma gefe ta zauna a ƙasa. Matan suka zauna. Mazan suka zauna da taɓonsu. Mai ganga ya kwantar da gangarsa. Ba zagi, ba harara, sai ƙarar injin Alhaji can yana zuƙar ruwa, kowa na ji, shi ma yana ji. Ga ƙwarya a buɗe a gabansa. In ya tashi bai sha ba, ya ƙulla gaba da gari a gaban shaidu, kuma ya san akwai wani mai tumbi a wurin da zai kai labarin har inda mota ba ta zuwa. In ya ci gaba da zama kuma, to har yaushe?

Ni dai ban taɓa shan azaba irin ta wannan shirun ba. Maganganu suka taru a maƙogwarona suna turereniya, kowace na cewa ita ce ta dace. In na buɗe baki sai in ga idon taubashiyata a kaina, in mayar in rufe. Gumi ya jiƙa ni. To ni na yi biyayya, amma ba ta yi alkawari da tumbina ba, kuma tun safe ba a ba shi haƙƙinsa ba. Cikin wannan shiru sai ya saki wani ƙugi, dogo mai lanƙwasa, wanda na rantse tsuntsaye sun tashi daga kan tsamiya.

Tsohon masuncin nan na unguwarmu ya ce, "Ka ji ko, Alhaji? Wannan tun wancan zuwan ƙwaryar ya sha, har yau ba ta sauka ba."

Wuri ya ɓarke da dariya. Alhaji ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa, ya yi ta yi har hularsa ta karkace. Da ya share ido ya dubi matar nan 'yar firit da ke zaune a ƙasa, ita kaɗai ba ta yi dariya ba, ya girgiza kai. Ya kira shugaban ma'aikatansa ya ce a kashe inji. Ya tattare hannun riga, ya taka har kan buhunan, ya kama kunnen na sama ya ja. Bai iya ɗaga shi ba, sai da yaransa suka kama masa, amma kowa ya ga hannun wa ya fara.

Ba duka aka kwashe ba, kada in yi muku ƙarin da ba shi da amfani. Ƙofa aka buɗe, kamar faɗin ƙofar zaure. A nan ƙarƙashin tsamiya Bulama da Liman da Alhaji suka daidaita cewa muddin kogi na da ruwa ƙofar a buɗe take, in ya ja baya kuma a riƙa yin karɓa-karɓa. Ruwa ya bi ta ƙofar, ja, yana tura busasshen ganye a gabansa, tsattsagaggiyar ƙasa na shanye shi tana ƙara. Mata suka yi guɗa. Taubashiyata ta tashi ta kawo wa Alhaji moɗa daga jarkarta, irin wadda ta ba ni. Ya leƙa launin ruwan, ya shanye tas.

Sannan ta juyo ta ce, "Bawana, buɗe." Na buɗe, kuma an ce sai da rana ta faɗi na rufe. A hanyar komawa na ce mata tumbina ne ya ci yaƙin. Ta ce ta yarda, a ba shi sarauta, ni kuma in zama bawansa.

Madatsun yamma suna nan, masu makulli ba su san an yi ba. Kacalla ma ta dawo, ai ba ta da kunya, shi ya sa gayyar ta zama ta kowace shekara, har Alhaji na turo ma'aikatansa. Wasu gidajen da suka riga suka tashi ba su dawo ba. Ruwan ɗakina kuma ya fita a lokacin da ya ga dama, ban ce gayyarmu ce ta kore shi ba, ko da yake a kasuwa nakan ce ita ce.

Da sanyi ya shigo na sake komawa. Ruwan bai cika fadama kamar da ba, amma ya kai gonarta, ta riga ta dasa albasa da tumatir a inda ya janye. Ƙannen mijinta na same su suna gyaran danga, suka ce su dama ba su taɓa niyyar tashi ba, mutane ne da ƙarin magana, suna faɗa suna kallona. Ta shimfiɗa mini tabarma a wuri ɗaya da na farko, ta shiga ta fito da ƙwarya rufe da faifai. Wannan karon a tsaye ta dangwarar mini da ita.

"Durƙuson fa?"

"An gama da shi. Sha ka ba ni ƙwaryata."

Na ɗaga gefen faifai na leƙa da ido ɗaya tukuna. Cike take fal, ruwan rijiyar gida, mai sanyi, har da wani ɗan abu mai wutsiya yana iyo a ciki, guga ya haɗo da shi. Ta ce ɗan kwaɗo ne in cire. Na ce ɗan tarwaɗa ne, alamar arziki. Muka yi ta musu har maƙwabta suka leƙo. Na tsame shi da yatsa na ba yara su kai fadama, na kafa kai ban ɗago ba sai da na ga gindin ƙwarya. Har yau in an tambaye ta cewa take yi kwaɗo ne. Ni na sha ruwan, ni na san abin da na gani.